Na iya busa hamonika a ɗakina, amma ina ɓacewa idan na shiga cikin makaɗa

Tambayar da aka aiko ta fito ne daga wani mai koyo wanda ya shekara ɗaya da rabi yana busa hamonika, ɗan ƙaramin abin kiɗan baki mai jerin ramuka da ake hurawa ana zuƙa, shi kaɗai. Ya ce ya iya fitar da sauti ɗaya tsaf, ya fara lanƙwasa sauti, wato saukar da shi ƙasa da inda yake ta hanyar sauya siffar cikin baki, ya kuma haddace jimloli da dama na buluz, salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, amma ranar da abokai suka gayyace shi atisaye tare da mai jita da mai bes (jita mai kaurin sauti) da mai ganguna da mawaƙi, sai ya rasa inda waƙar ta dosa, kuma abin da ya busa bai dace da kiɗan ba. Yana so ya sani ko sayen makirufo da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ne zai raba shi da wannan matsala.

Amsa a taƙaice ita ce a'a, kada ka fara da sayen kaya. Abin da ya same ka ya sami kusan duk wanda ya koyi wannan abin busa a ɗaki, ni ma ban tsira ba, kuma dalilinsa shi ne cewa wanda yake busa shi kaɗai bakinsa yake horarwa, alhali abin da ƙungiya take bukata daga gare shi kunne ne. A ɗaki kai ne mai lokaci, idan ka yi kuskure ka tsaya ka sake, idan numfashi ya ƙare ka jira, babu mai damuwa. A cikin ƙungiya kuwa kiɗan ba ya jiran kowa, kuma amfilifaya ba abin da zai ƙara maka illa ya sa kowa ya ji kuskurenka da ƙarfi.

Zan fara da abin da ya fi saurin gyaruwa, wato zaɓen hamonikar da ta dace da waƙa, domin ina kyautata zaton rabin rashin dacewar da ka ji daga nan ya fito. Hamonika mai rami goma, irin Marine Band da kamfanin Hohner na Jamus ya fara fitarwa a 1896, an ƙera ta ne a kan mabuɗi ɗaya tak, wato sauti ɗaya da ta ɗauka a matsayin gida, shi ne harafin da aka rubuta a jikinta. Masu ƙera ta waƙoƙin gargajiyar Turai suke da su a zuciya, inda hurawa ce take ɗauke da yawancin aiki. Baƙaƙen fatar jihohin kudu na ƙasar Amurka ne suka juya al'amarin, suka mayar da zuƙar iska ita ce gida, domin a ƙananan ramuka sautukan zuƙa ne suke lanƙwasuwa. Wannan shi ake kira matsayi na biyu, kuma a kansa aka gina mafi yawan buluz ɗin hamonika. Ma'anarsa a aikace ita ce idan mai jita ya ce waƙar tana E, ba hamonika mai E za ka ɗauka ba, mai A za ka ɗauka. Idan tana A ka ɗauki D, idan tana G ka ɗauki C, idan tana C ka ɗauki F, idan tana D ka ɗauki G. Hanyar tunawa ita ce ka ƙirga haruffa huɗu daga mabuɗin waƙar zuwa sama, har da shi kansa a cikin lissafin, sai dai F ce take karya dokar haruffan, domin ita B mai saukar rabin mataki take nema, rabin mataki kuwa shi ne tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sauti da mai bi masa a wannan tsarin. Masu jita suna son E da A fiye da komai saboda yadda tsirkiyoyinsu suke a ɗaure, don haka wanda ya je atisaye da hamonika mai C guda ɗaya a aljihu, wadda ita ce littattafan koyo suka fi amfani da ita, zai wuni a zaune. Ka mallaki A da C da D da G tukuna, sannan F da B mai sauka su biyo baya.

Ka riƙa tambayar mabuɗi kafin a fara kowace waƙa, babu abin kunya a ciki, manyan gwanaye ma suna yi. Amma ka san cewa mai jita yakan faɗa maka abin da yatsunsa suke riƙe da shi, ba lallai abin da kunne yake ji ba. Wasu suna sassauta tsirkiyoyinsu duka da rabin mataki, wasu suna maƙala ɗan ƙarfe a wuyan jitar don ɗaga sauti, sai mutum ya ce maka E alhali sautin da yake fita wani ne daban. Saboda haka ko an faɗa maka, ka juya baya ga makirufo, ka zuƙi rami na biyu a hankali. Idan sautin ya kwanta cikin kiɗan kamar ba ya nan, ka dace. Idan ya yi ƙaiƙayi a kunne, ka tambayi mai bes, shi ya fi faɗin gaskiya a wannan batu.

Yanzu sai babban al'amarin, wanda shi ne ainihin dalilin ɓacewarka. Mafi yawan waƙoƙin buluz suna tafiya ne a kan zagaye mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu, ana gama zagaye a sake komawa farko har waƙar ta ƙare. Haɗin sauti, wato rukunin sautukan da ake kaɗawa tare, iri uku ne kawai a ciki, waɗanda makaɗa suke kira na ɗaya da na huɗu da na biyar. Gaɓa huɗun farko suna kan na ɗaya, biyu masu bi suna kan na huɗu, sai a dawo na ɗaya gaɓa biyu, ta tara tana kan na biyar, ta goma tana kan na huɗu, ta sha ɗaya a dawo gida, ta sha biyu kuma galibi a taɓa na biyar don juyo da zagayen. Akwai salon da ake leƙa na huɗu tun a gaɓa ta biyu a dawo. Na san ka karanta wannan a wani wuri, amma saninsa a ka daban, jin sa a jiki daban. Ma'aunin da nake ba masu koyo shi ne wannan: a kunna maka waƙa daga tsakiya, ba tare da ka ƙirga ba, cikin daƙiƙa kaɗan ka iya faɗin gaɓar da ake ciki. Wanda bai kai nan ba, duk jimlolin da ya haddace kamar kaya ne a hannun wanda bai san hanyar gida ba.

Hanyar kaiwa can ba ta da daɗi, amma tana aiki. Ka ajiye hamonikar na mako biyu ko uku a lokacin sauraro, ka riƙa kunna faifan mawaƙan buluz irin su Muddy Waters ko Jimmy Reed kana bin sautin bes kaɗai da kunne, kana ɗaga hannu duk sanda haɗin ya sauya. Bayan haka ka ɗauki hamonikar ka busa sauti ɗaya tak a kowace gaɓa, wato tushen haɗin da ake kai: zuƙar rami na biyu a kan na ɗaya, hurar rami na huɗu a kan na huɗu, zuƙar rami na huɗu ko na ɗaya a kan na biyar. Sautuka uku ke nan, kuma na sha ganin mai koyo ya raka ƙungiya waƙa guda da su kaɗai, aka sauka ana yaba masa, saboda kowane sautinsa ya faɗo a inda ya kamata kuma a lokacin da ya kamata. Na kuma sha ganin wanda ya fi shi gudun baki nesa ba kusa ba, amma makaɗan suna kallon juna suna jiran ya gama.

Akwai wani rami da nake so in daɗe a kansa, domin shi ne yake tona asirin mai busa a gaban makaɗa, shi ne rami na uku. A hamonika mai C, zuƙar rami na uku ba tare da lanƙwasa ba tana ba da B, kuma ramin yana iya sauka har rabin mataki uku, wanda ya fi na kowane rami zurfi. A ɗaki, idan ka lanƙwasa shi ya sauka ko'ina, kunnenka zai ce ya yi daɗi, domin babu abin da za a auna shi da shi. A cikin ƙungiya kuwa akwai jita da bes suna riƙe da haɗin sauti, kuma su ne alƙalai. Lokacin da ake kan haɗi na ɗaya, wato G, sautin B a miƙe yana cikin haɗin, ko da yake saukar da shi kaɗan ya fi ba da ɗanɗanon buluz. Da zarar an koma haɗi na huɗu, wato C, sautin da yake cikin haɗin shi ne wanda ya sauka rabin mataki daidai, kuma B a miƙe yana karo da shi mummunan karo. Idan aka hau haɗi na biyar, wato D, saukar mataki guda cikakke, wadda take ba da A, ita ce take zama daram. Ka ga rami ɗaya yana da ayyuka uku, kowanne da gaɓarsa. Shi ya sa nake cewa kada ka ƙirga kanka cikin waɗanda suka iya lanƙwasa sai ka iya fara sautin daga lanƙwashe kai tsaye, ka riƙe shi bugu huɗu bai motsa ba. Ka yi atisayen da fiyano ko da manhajar auna sauti ta waya, kana kallon allurar, har maƙogwaronka da bayan harshenka su haddace wurin. Lanƙwasawa ba ta ƙarfin zuƙa ba ce, ta siffar cikin baki ce, kuma wanda yake yi da ƙarfi shi ne yake kashe 'yan harsunan tagullan da ke cikin ramuka na huɗu da na biyar tun ba su tsufa ba.

Haɗi na biyar yana da wata matsala ta daban da ya kamata ka sani. Idan ka zuƙi ramuka huɗun farko tare za ka sami haɗi na ɗaya cikakke, idan ka hura za ka sami na huɗu, amma na biyar babu shi cikakke a jikin hamonikar. Don haka a gaɓa ta tara ka bar busa ramuka da yawa tare, ka koma sauti ɗaya, ko kuma ka toshe ramuka na biyu da na uku da harshe ka zuƙi na ɗaya da na huɗu a lokaci guda, wanda yake ba da sauti ɗaya a ƙasa da sama. Wannan yana daga cikin dalilan da suke sa in shawarci mai son buluz ɗin birnin Shikago na Amurka ya koyi toshewa da harshe ko da ya fara da tsuke leɓe, domin kaurin sautin gwanayen hamonika Big Walter Horton da Little Walter yawancinsa daga nan yake.

Sai maganar da ta fi wahalar karɓa, wato yin shiru. Baitin buluz na gargajiya layi uku ne, mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya rufe da na uku. Kowane layi yana cin gaɓa biyu da ɗan ɗoriya daga cikin huɗu, ya bar fili a ƙarshe. Wannan filin shi ne naka, wato wajen gaɓa ta uku da ta huɗu, ta bakwai da ta takwas, ta sha ɗaya da ta sha biyu, kuma ko shi ɗin ma rabawa za ku yi da mai jita. Duk wanda ya taso yana jin makaɗan gargajiya ya san ladabin 'yan amshi, ba sa buɗe baki sai ubangidan ya dire, kuma ba sa jan amshi har ya hana shi shigowa. Matsayinka ke nan a yawancin waƙar. Hamonika tana zaune ne a daidai muryar ɗan Adam, tana numfashi kamarta, tana kuka kamarta, shi ya sa idan ta yi magana tare da mawaƙi sai ya zama kamar mutum biyu suna magana lokaci guda, kuma mai sauraro ba zai fahimci ko ɗaya ba. Haka nan idan mai jita ya karɓi fage, wato lokacin da aka bar masa ya yi nasa kiɗan a gaba, ka sauke hamonikar daga bakinka gaba ɗaya, ka bar hannunka a ƙasa inda kowa zai gani.

Na san abin da za ka ce, domin kowane mai koyo yana faɗa: ai Little Walter yana busa a bayan muryar Muddy Waters kusan ba tsayawa. Gaskiya ne, amma ka sake saurara da kyau. Yana ƙasa da muryar ne, yana riƙe dogayen sautuka ko yana bin layin waƙar kamar inuwa, sai muryar ta dire sannan ya ɗago kai. Kuma ya yi shekaru yana kiɗa da mutumin, daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa 1952 lokacin da ya fitar da kiɗansa mai suna Juke, wadda ta yi mako takwas a saman jadawalin waƙoƙin baƙaƙen Amurka na mujallar Billboard, ya bar ƙungiyar ya kama tasa. Ya san inda Muddy zai ja numfashi tun kafin ya ja. James Cotton ma ya haura shekara goma yana busa wa Muddy hamonika. Abin da sabo na shekaru ya halatta musu ba ya halatta ga wanda ya zo atisaye karo na biyu.

Ni kaina a nan na sha kunyata. A farkon shigata wata ƙungiya, na busa daga farkon waƙa har ƙarshenta a waƙoƙi uku a jere, ina ganin burgewa nake yi. A ta huɗu mawaƙin, wani dattijo mai haƙuri, bai ce mini komai ba, sai kawai ya matso ya dafa hannuna ya saukar da shi, ya ci gaba da waƙarsa yana riƙe da wuyan hannun nawa har sai da ya kai ƙarshen layi, sannan ya sake ni ya gyaɗa kai. A wannan daren na fara jin waƙar da nake ciki.

Idan aka ba ka fage, al'ada ita ce zagaye ɗaya ko biyu, sai dai idan shugaban ƙungiya ya yi maka alamar ka ƙara. Ka fara daga ƙananan ramuka da jimla gajera, ka maimaita ta, ka ɗan sauya ta, ka ajiye ƙarfinka da manyan sautukanka don zagaye na biyu. Masu koyo sukan zazzage duk abin da suka haddace a gaɓa huɗun farko, sauran takwas ɗin kuma su yi ta kame-kame. Kafin ka gama, wajen gaɓa ta sha ɗaya, ka ɗago ido ka kalli mawaƙi ko wanda zai karɓa, don kowa ya san ka sauka. Rufe ido yana da daɗi a hoto, amma duk alamun tsayawa da na sassautawa da na ƙarewa da ido da kai da wuyan jita ake ba da su, kuma wanda idonsa yake rufe shi ne za a ji shi kaɗai yana busa bayan kowa ya tsaya cak.

Game da lokaci, mai ganguna za ka riƙe. A buluz yana dukan ƙaramar gangarsa a bugu na biyu da na huɗu, kuma a salon da ya fi yawa kowane bugu yana rabuwa gida biyu marasa daidaito, na farko dogo na biyu gajere, kamar tafiyar mai ɗingishi. Idan ka raba bugun daidai wa daida alhali ƙungiyar tana ɗingisawa, ko da sautukanka duka daidai ne, za a ji ka a waje. Tsoro yana sa mutum gaggawa, don haka idan ka ji kamar ka makara kaɗan, galibi a lokacin ne kake daidai.

Wata rana za a kira waƙa a ce tana kan ƙaramin mabuɗi, mai sautin baƙin ciki. A nan zuƙar rami na uku a miƙe haramun ce daga farko har ƙarshe. Ko dai ka riƙe ta a lanƙwashe koyaushe, ko ka koma matsayi na uku, wato ka ɗauki hamonikar da take mataki guda ƙasa da mabuɗin waƙar, C idan waƙar tana D, G idan tana A, ka mayar da zuƙar rami na huɗu gidanka, ka yi yawancin aikinka tsakanin rami na huɗu da na shida. Idan kuma ba ka shirya wa wannan ba, ka ce a wuce da kai a wannan waƙar, babu wanda zai riƙe ka da laifi.

Yanzu sai kayan da ka tambaya. A watannin farko makirufon murya na yau da kullum, wanda aka haɗa da lasifikokin ƙungiya, ya ishe ka, kuma yana da fa'idar barin hannuwanka su buɗe su rufe don sarrafa sauti, kamar yadda Sonny Terry da Sonny Boy Williamson na biyu suke yi. Sautin nan mai kauri da gurnani da kake ji a faifan Shikago yana fitowa ne daga runguma ƙaramin makirufo tare da hamonikar a cikin tafin hannu, a rufe iska ruf, a tura shi cikin amfilifaya mai kwalabe irin na tsofaffin rediyo. Shure Green Bullet da Astatic JT-30 su ne suka yi suna, kuma asalinsu ba don kiɗa aka ƙera su ba, don magana ce ta rediyo da sanarwa. Fender Bassman mai lasifika huɗu shi ne abin da manyan masu busa suka fi so, amma ƙaramin amfilifaya mai wat 5 kamar Fender Champ ya fi amfanar mai koyo, domin yana fara gurnani tun sauti bai cika ɗaki ba, kuma a wurin taro ana iya sa masa makirufo a gaba. Babban abokin gabarka shi ne kuwwar nan mai huda kunne da take tashi idan makirufo ya jiyo amfilifayansa. Maganinta shi ne ka tsaya a gefensa, kada ka fuskance shi, ka rage siririn sauti, ka ƙara mai kauri, kuma duk sanda ba ka busa ka kashe makirufon ko ka danna shi a ƙirjinka. Sai dai ka riƙe cewa idan sautinka siriri ne a baki, siriri zai fito daga amfilifaya komai tsadarsa. Kauri daga buɗaɗɗen maƙogwaro da saukakken muƙamuƙi da numfashin ciki yake zuwa.

Idan ba ka jin kanka a tsakiyar kiɗa, jiki zai tura ka ka zuƙa da ƙarfi, kuma hakan yana saukar da sauti daga daidai, yana toshe ramuka, yana gajiyar da kai. Ka nemi a ƙara maka a lasifikar da take fuskantarku, ko ka matsa nesa da amfilifayan mai jita, ko ka roƙi a sassauta gaba ɗaya, amma ƙarfin numfashinka ya tsaya yadda yake a ɗaki.

Kafin atisaye na gaba, ka nemi abokan naka su ba ka sunayen waƙoƙi huɗu ko biyar da mabuɗansu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ka jera hamonikokinka a tsari ɗaya da ba ya sauyawa, ka rubuta harafin kowacce da babban rubutu a gefenta saboda duhun dandamali, ka kurkure baki kafin ka fara. A wurin kuma ka ajiye waya ta naɗi atisayen duka, washegari ka saurara da takarda a hannu, kana yin alama a duk inda ka shiga kan muryar mawaƙi da duk inda haɗin ya sauya kai ba ka sauya ba. A karon farko takardar za ta cika. Idan ta fara raguwa zuwa alama biyu ko uku a waƙa, a lokacin za ka iya fara tambayar kuɗin makirufo.